Me ya sa kwamfuta ke yin nauyi da zarar an tura wa firinta aiki?

A lokacin rajistar JAMB, ko sa'ad da ɗaliban ajin ƙarshe ke buga kundin bincikensu, shagunan buga takardu kan cika maƙil. A daidai wannan lokaci ne kwamfuta kan fara nauyi da zarar an tura aiki, ga janareta na shan mai, ga masu jira sun fara ƙosawa.

Masu shaguna da dama kan ɗora laifin a kan bairos ko tsufan kwamfuta, har su kashe kuɗi wajen goge ta a sake zuba manhajoji. Sau da yawa kuwa matsalar na tattare ne da irin firintar da ke shagon, da yadda Windows ke jera mata aiki.

Layin jira

Idan ka tura takarda, ba kai tsaye take zuwa firinta ba. Wata manhaja a cikin Windows mai suna Print Spooler ce ke karɓa, ta ajiye ta a rumbun kwamfutar, sannan ta riƙa miƙa wa firintar daidai gwargwadon saurinta.

Dabarar ta samo asali ne tun zamanin manyan kwamfutocin IBM, kuma manufarta ita ce kada kwamfuta mai sauri ta tsaya jiran firinta mai nawa. Shi ya sa kake iya ci gaba da rubutu alhali takarda na fita.

Sai dai kafin ta fita, dole a mayar da shafin zuwa ɗige-ɗige. Firintar leza ba ta tsayawa a tsakiyar shafi, don haka tana buƙatar bayanansa a shirye kafin ta ja takarda. Shafin A4 a kan ɗigo 600 a kowane inci yana da ɗige kusan miliyan 35, wato fiye da megabait 4 idan ba a matse shi ba.

Wa ke ɗaukar kayan?

Bambancin firintoci yana nan ne: wa zai yi wannan lissafi?

Ƙananan firintoci masu araha irin su HP LaserJet 1020 da P1102, waɗanda suka yi yawa a shagunanmu, megabait 2 kacal ne ma'ajiyarsu. Kwamfutar ce ke zana shafin baki ɗaya, ta matse shi, sannan ta tura. Wasiƙa mai shafi ɗaya ba komai ba ce. Amma kundi mai shafi 100 da hotuna da taswirori zai sa kwamfuta mai ƙaramin RAM ta yi ta nishi.

Manyan firintocin ofis kamar HP LaserJet P2055dn, mai megabait 128, suna da ƙwaƙwalwarsu, kuma suna jin yaren PCL na kamfanin HP da PostScript na Adobe. Kwamfuta umarni kawai take aikawa: sa wannan harafi a nan, ja layi a can. Firintar ce ke zanawa da kanta, kwamfuta kuma ta samu sararin yin wani aiki da wuri.

Amma ko su ba sa tsira idan takardar da aka ɗauki hotonta da waya ko sikana ce. Irin wannan hoto ce zalla, babu harafin da za a taƙaita, shi ya sa fayil ƙarami kan kumbura a layin jira.

Abin yi

Na farko, rage ɗigon daga 600 zuwa 300 idan rubutu ne kawai. Yawan ɗige zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma takardar za ta karantu sarai.

Na biyu, kasa babban aiki gida-gida, kamar shafi 30 a lokaci guda.

Na uku, bar sarari a rumbun C, domin can ake ajiye layin jiran. Sauya tsohon rumbu da SSD ma yana taimakawa.

Na huɗu, duba shafin Advanced a cikin saitin firintar. Zaɓin "Print directly to the printer" yana kashe layin jiran, manhajar da kake aiki da ita kuma ta tsaya cak har sai an gama. In ba da dalili ba, kada a taɓa shi.

Idan kuma aiki ya maƙale, kamar yadda kan faru in an ɗauke wuta ana tsakar bugawa, buɗe services.msc, tsayar da Print Spooler, goge abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan ka sake kunna ta.

Ga mai shirin sayen firinta kuwa, ko sabuwa ko tokumbo, tambayar farashi da kuɗin tona ba su wadatar ba. A tambayi girman ma'ajiyarta, da ko tana jin PCL. Wanda aikinsa buga takardar jarrabawa ɗaiɗai ne, ƙaramar ta ishe shi. Mai buga kundin ɗalibai kullum kuwa, araha ba ta ado: kuɗin da ya rage a wajen saye zai biya shi da man janareta da kwastomomin da suka gaji da jira.