Allurar da ke kare 'ya'yanmu mata daga sankarar bakin mahaifa

A ƙauyukanmu akwai ciwon da mata ke ɓoyewa saboda kunya. Mace ta ga jini yana zuwa mata ba lokacin al'ada ba, ko bayan ta kwana da mijinta, ko kuma bayan shekaru da ɗaukewar al'ada. Sai ta yi shiru, ta sha saiwa da sassaƙe, har sai ciwon ya kwantar da ita. Sau da yawa wannan ita ce sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da ita a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka mutu. Yawancinsu uwaye ne masu riƙe da gida da gona. Yanzu akwai allurar da ke tare ciwon tun bai fara ba, kuma kyauta ake yin ta.

Me ke kawo ciwon?

Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV. Wani likita ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano cewa ita ce tushen wannan sankara, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar tana wucewa daga jiki zuwa jiki wajen saduwar namiji da mace. Ta yaɗu ƙwarai, har yawancin manya, maza da mata, sukan ɗauke ta sau ɗaya a rayuwa ba su sani ba, domin ba ta kawo zazzaɓi ko zafi. Ga mafi yawan mutane jiki yakan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga wasu matan kuwa takan zauna a bakin mahaifa tana ɓarna a hankali, kamar gara cikin azara, sai bayan shekara 15 zuwa 20 ta zama sankara. Ga mace mai ɗauke da ƙwayar HIV abin ya fi sauri, haɗarin kuma ya ninka har sau shida.

HPV iri-iri ce, an ba kowace lamba. Mai lamba 16 da mai lamba 18 su ke kawo kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Masu lamba 6 da 11 su ke kawo yawancin ƙananan tsiron da ke fitowa a gaban mace ko na namiji. Allurar da aka kawo Nijeriya, mai suna Gardasil, tana kariya daga waɗannan huɗun duka.

Don me sai ƙananan yara?

Gwamnati ta fara ba da allurar a watan Oktoba na 2023 a wasu jihohi, sauran jihohi suka biyo baya a watan Mayu na 2024. An fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a makarantu da unguwanni, yanzu kuma tana cikin alluran rigakafi na yau da kullum a asibitocin gwamnati. Sau ɗaya ake yi, a dantse. Yarinya mai ɗauke da HIV tana bukatar biyu ko uku.

Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Aikinta shi ne ta koya wa jiki ya gane ƙwayar tun kafin su haɗu. Mai hankali tun da rani yake gyara jinka, ba ya jira sai ruwa ya sauko. Jikin yarinya kuma ya fi na babba karɓar allurar da kyau.

Tambayoyin da iyaye ke yi

"'Yarmu mai tarbiyya ce, me za ta yi da ita?" Tarbiyya abu ne mai kyau, kada mu fasa. Amma yarinya za ta iya tsare kanta har ranar aure, ta kuma ɗauki ƙwayar daga mijin da shi kansa bai san yana da ita ba. Akwai kuma waɗanda ake yi wa fin ƙarfi. Saboda haka kada mu zargi macen da ta kamu da wannan ciwo, domin ba shaidar lalata ba ne.

"An ce tana hana haihuwa." Tun 2006 ake amfani da allurar. Ƙasar Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta a 2011, an kuma yi wa miliyoyin yara a Ingila da Amurka da Ostireliya. Binciken da aka yi ta yi bai nuna tana hana haihuwa ba. Sankarar ce ke hanawa, domin wani lokaci sai an cire mahaifa kafin a ceci rai.

"Tana da illa?" Wurin da aka yi allurar yakan yi tsami ko ɗan kumburi, wasu sukan ji ciwon kai ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Wata yarinya takan ji jiri, shi ya sa ake so ta zauna minti 15 kafin ta tashi. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta.

Uwaye fa?

Wadda ta wuce shekarun allura tana da tata hanyar, wato gwajin bakin mahaifa. Ana so mace ta fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuwa daga shekara 25. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci, idan kuma aka ga ɓarnar tun tana ƙarama ana iya maganinta kafin ta zama sankara. Wadda ta ga jinin da muka ambata, ko ruwa mai wari yana fita, ko ciwon mara da baya da ya ƙi tafiya, ta je asibiti ba jinkiri. Maigida ya raka ta, ya kuma ba da kuɗin mota.

Abin da za mu iya yi tare

• Zumuntar mata ta lissafa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙauye, ta gano waɗanda ba a yi musu ba.
• A tuna da waɗanda ba sa zuwa makaranta, masu talla da masu kiwo da 'ya'yan maƙwabta, domin su ne aka fi tsallakewa.
• Dattawa su gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi bayani, maza su ma su zauna su ji, su yi tambaya.
• A tambaya a asibiti mafi kusa ranar da ake allurar da kuma shekarun da ake karɓa. A adana katin yarinya wuri ɗaya da takardar haihuwarta.

Rigakafi ya fi magani. Yarinyar da muka kai aka yi mata allura bana, ita ce za ta riƙe gida nan da shekara 20. Mu kai ta tun yanzu.