Yadda ake yaɗa sanarwar manema labarai ta intanet: misalin gubar dalma a Abare

A farkon watan Yunin 2010 ne jami'an ma'aikatar lafiya ta tarayya suka tabbatar da cewa mutane 163, akasarinsu ƙananan yara, sun rasu sakamakon gubar dalma a wasu ƙauyuka na jihar Zamfara.

Amma tun a watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, lokacin da suke sa ido kan cutar sanƙarau.

Abare, a ƙaramar hukumar Anka, na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa, tare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Duza. Masu haƙar zinari na kai duwatsu cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar mai ɗauke da dalma kuma ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Labarin ƙauye irin wannan ba ya kai kansa Abuja ko Janiba. Yakan fita ne ta hanyar sanarwar manema labarai, wato gajeriyar takarda da wata hukuma ko ƙungiya ke fitarwa domin 'yan jarida su yi amfani da ita. Hanyar da aka bi wajen rarraba ta ce ke nuna wanda zai gani da kuma lokacin da zai gani.

Shafin ƙungiya da wasiƙar imel

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙungiya ta buga sanarwar a shafinta na intanet, kamar yadda MSF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi a kan batun Zamfara.

Alfanun hakan shi ne sanarwar na zama a wuri guda da kwanan wata, ta yadda duk mai shakka zai koma ya tantance. Sai dai shafi ba ya zuwa neman mai karatu; wanda bai san da shi ba, ba zai leƙa ba.

Don haka ne jami'an hulɗa da 'yan jarida ke haɗawa da aika saƙon imel kai tsaye ga wakilan da suka saba bin batun. Wakili guda da ya san harkar lafiya ko haƙar ma'adinai ya fi adireshi ɗari da aka tattaro barkatai, domin edita na samun saƙonni masu yawa a kullum, kuma sau da dama kanun sanarwar kaɗai yake dubawa.

Akan kuma aika sanarwa tun da wuri tare da sharaɗin kada a buga sai wani lokaci da aka ƙayyade, domin wakili ya samu damar tuntuɓar ɓangaren gwamnati. Wannan sharaɗi amana ce kawai tsakanin ɓangarorin biyu.

Kamfanonin rarraba sanarwa

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. PR Newswire, wanda aka kafa a Amurka a 1954, da Business Wire da ya biyo baya a 1961, na karɓar kuɗi su watsa sanarwa zuwa ɗakunan labarai da rumbunan bayanai. A nahiyar Afirka akwai APO Group da aka kafa a 2007.

Kuɗin ya danganta da tsawon rubutu, da yankin da ake son ya isa, da ko an haɗa hoto ko bidiyo. Hanya ce da ta dace da bankuna da manyan kamfanoni, amma ƙaramar ƙungiya a Gusau da wuya ta iya ɗaukar nauyin.

Kuma biyan kuɗi ba ya nufin an karanta. Wasu shafuka na kwafe irin waɗannan sanarwoyi kai tsaye ba tare da wani edita ya duba ba, sai rahoton kamfanin ya nuna sanarwa ta bayyana a wurare da dama alhali babu ɗan jaridar da ya bi sawunta.

Ga ƙungiyoyin agaji, akwai shafin ReliefWeb da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 1996, ƙarƙashin ofishinta mai kula da ayyukan jin ƙai. Kyauta ne, amma editoci na tantance abin da za a sa, kuma masu karanta shi su ne ma'aikatan agaji da masu ba da tallafi, wato mutanen da ƙauye irin Abare ke buƙatar kunnensu.

A cikin gida, Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, NAN, wanda aka kafa a 1976, na aika labarai ga jaridu da gidajen rediyon da suka yi rajista da shi. Wakilinsa ne zai ga ko sanarwar ta cancanci zama labari.

Abin da ya faru a Bagega

An kammala aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, ciki har da Abare, tsakanin 2010 da 2011, tare da taimakon kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith. Bagega, wanda ya fi su girma, aka bari a baya.

Likitocin MSF sun bayyana cewa ba za su iya fara bai wa yaran garin maganin fitar da dalma daga jini ba sai an tsabtace muhalli, domin yaron da aka yi wa magani zai koma ya sake shaƙar ƙurar.

A nan ne iyakar sanarwa ta fito fili. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da bayani tare da faifan bidiyo a watan Fabrairun 2012, MSF kuma ta shirya taro a Abuja a watan Mayu. Duk da haka kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ba su fito ba.

Sai da wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal na gangamin Follow The Money, suka ɗauki batun zuwa Twitter da Facebook da taken ceto Bagega, aka rinƙa kiran sunan shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan. A watan Janairun 2013 aka amince da sakin kuɗin, aikin kuma ya fara a cikin shekarar.

Masu gangamin ba su ƙirƙiro sabbin alƙaluma ba. Sun dogara ne da abin da ƙungiyoyin suka riga suka buga a shafukansu, ciki har da adadin yara fiye da 400 da suka rasu.

Shafukan sada zumunta na da nasu haɗarin. Sanarwar da ke yawo a WhatsApp a matsayin hoton takarda mai tambari abu ce mai sauƙin ƙirƙira, shi ya sa gogaggen wakili ke neman asalinta a shafin hukumar kafin ya rubuta komai.

Komawa ga mutanen ƙauye

Kusan duk waɗannan sanarwoyi da Turanci aka rubuta su, domin gwamnati da masu ba da tallafi. Uwar da ke Abare, wadda ake so ta hana niƙa duwatsu a tsakar gida ta kuma wanke wa yaro hannu kafin cin abinci, takan ji saƙon ne ta rediyo da harshen Hausa, ko daga bakin hakimi da limami da ma'aikacin lafiya.

Ƙungiyar da ta haɗa fassarar Hausa da gajeren saƙon murya a cikin sanarwarta na sauƙaƙa wa gidajen rediyon jiha aiki, kuma tana rage kuskuren da ke shiga idan aka fassara kalmomin likita cikin gaggawa.

Intanet ɗin kansa ba shi da tabbas a yankin. A watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, lamarin da ya ɗauki makonni a Gusau, ya kuma fi daɗewa a ƙananan hukumomi.

A 2022 MSF ta miƙa shirinta na gubar dalma ga hukumomin jihar Zamfara, bayan kusan shekaru 12 tana gudanar da shi a Anka.