Zaɓen Man Giyar Mota Otomatik

Haƙiƙa duk wanda Allah Ya hore wa mota mai canja giya da kanta, wajibi ne ya sani cewa man giyarta, tun da yake shi ke sanyaya ƙarafa, shi ke kuma isar da ƙarfin inji zuwa ƙafafu, ba a zaɓensa bisa zato. Jan launi ba hujja ba ne, domin Dexron na General Motors da WS na Toyota duk jajaye ne, alhali kaurinsu ya saɓa. Hujja tana cikin littafin motar, wani lokaci ma a rubuce jikin sandar awon mai. Amma mota mai irin giyar da ake kira CVT, muddin bakanike ya ɗura mata man giya na gama-gari, bel ɗin ƙarfen cikinta zai riƙa zamewa har ya lalace.