Yadda Ake Raya Saƙa a Ƙauye

Ya ku yara, ku dubi tufafin da ke jikinku. Yawancinsu inji ne ya saƙa su a wata ƙasa mai nisa. A zamanin kakanninmu kuwa ba haka abin yake ba. Cikin shekarar 1851 wani Bature mai suna Barth ya zo Kano, ya tarar ana ɗaukar tufafin ƙasar a kan raƙuma, ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Mutanen ƙauyuka ne suke saƙa yawancin tufafin nan da hannu. Minjibir ta yi suna wajen saƙa, Kura kuma wajen turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa.

To, kafin zane ɗaya ya samu, sai ya bi ta hannun mutane da yawa. Manomi shi ke shuka auduga. In an tsince ta, mata su gurje ta da magurji don su fid da angurya, su shiɓe ta, sa'an nan su kaɗa ta da mazari, suna dangwalar alli don kada yatsunsu su yi santsi. Nan ake samun zare mai ƙarfi da abawa mai kauri. Daga nan masaƙi ya yi wadari, ya zura zaren cikin allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, watau wani katako da ake aza wa dutse don zaren ya miƙe. Sai ya zauna yana takawa da ƙafa, yana jefa ƙoshiya dama da hagu. Abin da ya saƙa siriri ne, bai cika wuce faɗin tafin hannu ba, don haka sai maɗinki ya harhaɗa. In ana son launi, a kai wa marina su tsoma cikin baba, mabuga kuma su buge shi har ya yi ƙyalli.

Me ya sa wannan sana'a ta ja baya? Da yadin kanti ya yawaita, ga araha, sai mutane suka koma kansa. A 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙar inji a Kaduna. Abin da masaƙi zai kwana bakwai yana yi, inji ya gama shi kafin a sha ruwa. Mata suka ajiye mazari, samari suka tafi birni neman kuɗi. A ƙauyuka da yawa tsofaffi kaɗai suka rage a masaƙa, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu, ya tafi da saninsa.

Tun da yake saƙa aikin mutane da yawa ce, mutum ɗaya ba ya iya tashe ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutanen ƙauye suna so ta farfaɗo, sai dagaci ya tara su a yi shawara. Samari su yi gayya su kafa rumfar saƙa. Manoma su ware wa auduga wuri a gonakinsu. Tsofaffin mata su koya wa 'yan mata kaɗi, tsofaffin masaƙa kuma su zaunar da yara kusa da su bayan an tashi daga makaranta. Masaƙa su haɗa kuɗi su sayi kayan aiki a sari, su kai kayansu kasuwa tare, don kada a taya musu da wulaƙanci.

Akwai kuma aikin da ya rataya a kan kowa, shi ne saye. In ba mai saye, masaƙi ba zai daɗe a masaƙa ba. Amma in ana sa saƙi ranar salla, ana sa gwado cikin kayan amarya, zai sami abin da zai ci da iyalinsa, ɗansa kuma ya yi sha'awar gadonsa.

Ku ma kuna da rabonku. In akwai masaƙi a garinku, ku je ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda ake naɗa zare a kwarkwaro. Da haka shi ma ya fara.

Tambayoyi

1. Ina ake kai tufafin Kano a zamanin da?
2. Mene ne amfanin kunkuru a masaƙa?
3. Don me mutum ɗaya ba ya iya raya saƙa?