FAIFAN GARMAHO YA DAWO KASUWA, AMMA CINIKINSA SAI DA KARATU

Da yawa daga cikin masu karatunmu sun ɗauka faifan garmaho ya riga ya bi hanyar ahu da sisi, watau ya zama abin ba yara labari. Ba mu ga laifinsu ba, gama tun da kaset ya shigo, faifan CD ya biyo shi a 1982, sa'an nan waƙa ta koma cikin wayar hannu, ba safai mutum zai shiga kanti a Kano ko Zariya ya tarar da baƙin faifan nan a jere ba. Amma a ƙasashen Turawa abin ya juya. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wadda a ke kira RIAA, ta ba da lissafi cewa a 2022 an sayar da faifan garmaho wajen miliyan 41 a ƙasar, na CD kuwa miliyan 33. Rabon da a ga garmaho a gaba tun 1987.

Da abin ya tsaya ga Turawa da kiɗansu, da ba mu ɓata takarda a kansa ba. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi magana shi ne, cikin hajar nan da a ke rububi har da tamu. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips sun daɗe suna buga faya-fayai a Nijeriya, kuma ba makaɗan Kudu kaɗai suka ɗauka ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, duk an sa muryarsu a faifai. Shekara da shekaru ke nan masu tara faifai daga Turai da Amurka su ke zuwa Afirka ta Yamma suna bin tsofaffin kantuna da gidaje suna saye. Saboda haka yau wanda ya ke son tsohon faifan ƙasar nan, sau da yawa sai ya same shi a hannun wani ɗan kasuwa a Landan ko Faris, kuma ta intanet za a yi cinikin.

To, ciniki da wanda ba ka gani, a kan kayan da ba ka taɓa ba, shi ne Hausawa su ke kira cinikin biri a sama. Amma ba sabon abu ba ne ga ma'aikata. A zamanin En'e akawuna da malaman makaranta sukan duba littafin kaya mai hotuna, su cika takarda, su aika da kuɗi Ingila ta gidan waya, su zauna jiran takalmi ko agogo. Wanda ya karanta takardar da kyau ya sami abin da ya ke so, wanda ya yi gaggawa ya sami takalmin da bai shige shi ba. Haka abin ya ke har yanzu. Cinikin faifai ta intanet aikin akawu ne: duban lamba, da gwada rubutu da rubutu, da lissafi.

INDA A KE SAMU

Kasuwar da ta fi kowace suna ga wannan sha'ani ita ce Discogs. Wani Ba'amurke mai suna Kevin Lewandowski ya kafa ta a 2000 a birnin Fotlan. Da fari ba kasuwa ba ce, kundi ne kurum, inda masu sha'awa su ke rubuta bayanin kowane faifai: sunan mawaƙi, da kamfani, da lamba, da shekara, da waƙoƙin da ke ciki. Daga baya aka buɗe saye da sayarwa a kan wannan kundi. Ita kanta Discogs ba ta da haja. Rumfa ta ke bayarwa, ta karɓi la'ada, 'yan kasuwa kuwa suna warwatse ko'ina cikin duniya. Amfaninta babba shi ne, ga faifan da aka taɓa sayarwa a cikinta, tana nuna mafi arahar kuɗin da aka biya, da mafi tsada, da matsakaici. Mutum ba zai shiga ciniki ido rufe ba. Har wa yau yana iya sa faifan da ya ke nema cikin jerin abin da ya ke so, ran da wani ya kasa shi sai a aiko masa da labari.

Akwai kuma eBay, wadda aka kafa a 1995, inda sau da yawa gwanjo a ke yi, wanda ya fi tayi kafin lokaci ya cika shi ya ɗauka. Gwanjo yana da zafi. Mutum yakan shiga da niyyar dala goma, gardama ta ɗebe shi ya fita da hamsin. Shawararmu ita ce ya yanke iyakarsa tun kafin ya fara, ya rubuta ta a takarda.

Na uku su ne kamfanonin da ke sake buga tsofaffin waƙoƙi a sabon faifai, suna sayarwa a kantunansu na intanet ko ta Bandcamp. Kamfanin Strut ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70 a 2001, Luaka Bop kuma ya sake fito da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sahel Sounds na Amurka, wanda a 2013 ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho da sunan Harafin So, ya kuma buga kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda tun 1978 a kaset ya ke. Abin mamaki, waƙoƙin da aka yi su a kwamfuta a Kano, ga su sun koma kan allura a Amurka.

YADDA A KE NEMA

Farkon abin da ke ka da mai nema shi ne rubutun suna. Waɗanda suka buga faya-fayan nan, da waɗanda suka shigar da su kundi, yawancinsu ba su jin Hausa. Haruffanmu masu lanƙwasa babu su. Ɗan Maraya za a same shi wani wuri a rabe, wani wuri a haɗe. Mamman yakan zama Maman ko Muhamman, wani faifan da Alhaji a gaba, wani da sunan gari a baya. Wanda ya buga suna sau ɗaya bai ga kome ba ya tashi, ya bar kaya a rumfa. Sai a gwada suna ta fuska uku ko huɗu, in ya ƙi a nemi kalmar Hausa kanta haɗe da sunan kamfani. Ta haka ne mutum zai ci karo da abin da bai san da shi ba, kamar faya-fayai biyu na kiɗan Hausa da wani masani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauka cikin shekarun 1960, kamfanin Bärenreiter-Musicaphon na Jamus ya buga cikin jerin UNESCO.

In an sami suna, sai lamba. Kowane faifai yana da lambar da kamfani ya ba shi, tana jikin kwalinsa da kuma takardar da ke manne a tsakiyarsa. Akwai wata lamba ta biyu wadda ba kowa ya san da ita ba. Ita a jikin faifan kansa aka zana ta, a filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, sai an karkata shi ga haske a ke ganinta. Wannan ita ke nuna ko bugun fari ne ko na baya, kuma tsakanin bugun fari da na baya kuɗi yakan ninka. In ɗan kasuwa ya ce nasa bugun fari ne, a roƙe shi ya karanto wannan lamba, ko ya aiko da hotonta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Akwai kuma na jabu, waɗanda aka buga ba da iznin mai waƙa ko kamfani ba, muryarsu ba ta kai ta asali, kuma ko anini ba ya isa ga magada.

Sa'an nan lafiyar faifan. 'Yan kasuwar duniya sun daidaita a kan wasu alamu na haruffa, waɗanda wata mujallar Amurka mai suna Goldmine ta yaɗa. M shi ne wanda ba shi da aibi ko kaɗan, kamar ba a taɓa sa shi ba, kuma da wuya a same shi da gaske. NM ya yi kusa da haka. VG+ an yi amfani da shi amma an riƙe shi da kyau, ɗan ƙarzunan da ke jikinsa ba ya hana jin daɗi. VG kuwa za a ji ƙaras-ƙaras, musamman inda kiɗa ya yi sanyi. Daga nan sai G, da F, da P. A nan ne baƙo ya ke faɗawa rami, gama harafin G daga kalmar Turanci mai ma'anar kyau aka ɗauko shi, alhali a bakin 'yan faifai ma'anarsa faifan ya sha wuya, sai dai allura tana bi ta kai ƙarshe. Alama biyu a ke bayarwa, ɗaya ta faifai ɗaya ta kwali, kada a ɗauki ta kwali a zaci ta faifai ce.

Amma fa a yi adalci. Faifan da ya yi shekara hamsin a ƙasar zafi, ya sha ƙurar hunturu da laimar damina, ya zaga gidajen biki, ba a sa ran samunsa NM. Wanda ya ke neman faifan Nijeriya ya ga VG na gaskiya, ya samu. Abin dubawa shi ne ko ɗan kasuwa ya sa faifan ya saurara, ko kuwa da ido kaɗai ya yanke masa alama. Yawanci da ido a ke yi. Ga mai tsada sai a nemi ya ɗauko muryar kaɗan ya aiko. A duba kuma shaidar da waɗanda suka saya a hannunsa suka rubuta. Ba yawan yabo za a karanta ba, ƙarar da aka kai za a karanta, a ga yadda ya amsa ta.

KUƊIN HANYA

Nan ne lissafi ya kan ɓaci. Babban faifai faɗinsa inci 12 ne, in an haɗa shi da kwalinsa da kwalin aikawa nauyinsa yakan kai wajen rabin kilo. Sau da yawa kuɗin aiko shi daga Turai ya fi kuɗin faifan. Ga canjin kuɗi, ga abin da banki zai cire, ga kuɗin fito in kwastan sun nema. Dabara ita ce a sayi uku ko huɗu a hannun mutum guda, a ɗaure su ƙunshi ɗaya, ko kuwa abokan aiki su haɗa kai su yi oda tare. Ba kowane ɗan kasuwa ke yarda ya aiko Afirka ba, sai a tambaya tun kafin a biya. A biya ta hanyar da kasuwar ta tanada, don in kaya bai zo ba a sami inda za a kai ƙara. In wani ya ce a zagaya a tura masa kuɗi kai tsaye zai rage, araha ba ta ado.

A nemi lambar bin sawun ƙunshi, a kuma roƙi mai aikowa ya fid da faifan daga kwalinsa ya ajiye shi a gefe cikin rigarsa ta takarda, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya. Ran da ya iso kada a bar shi ya yini cikin mota a rana. Roba ce, zafi yana kantarar da ita, wanda ya kantare kuwa da wuya ya miƙe.

Saura magana guda wadda ta kan sa a yi hasarar faifai ran da ya zo. Faifan garmaho iri uku ne. Akwai na da, mai nauyi, wanda a ke yi da wani irin ƙaro, yana juyi 78 a minti, waƙarsa yawanci ba ta wuce kamar minti uku a kowane gefe, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Akwai babban na roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙaramin mai inci 7 mai juyi 45, na kamfanin RCA Victor, a 1949. Garmahon kakanni mai wani da hannu, da allurarsa ta ƙarfe, na irin farko ne kaɗai. In aka ɗora masa na roba, sau ɗaya ya isa ya nuƙe layin waƙar. Haka kuma yawancin injunan yanzu ba su juyi 78, waɗanda ke yi ma sai an canja musu allura mai kauri. Wanda zai yi odar inji daga Amurka ya tuna wutarsu ba irin tamu ba ce, tasu 120 ce tamu 230.

Wannan kundi da mai saye ya ke dubawa, mai kaya ma yana iya duba shi. Muna nufin waɗanda iyayensu suka bar musu faya-fayai cikin adaka ko bisa rufin ɗaki. Kafin wani ya zo ya taya buhu guda da kuɗin cefane, a fito da su a duba lambobinsu ɗaya ɗaya. Yawancinsu ba za su yi wani kuɗi ba, kada a sa rai da yawa, amma a cikin ɗari a kan sami wanda ya fi sauran duka. A goge su da ƙyalle mai laushi, a bi da'irar layin, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rana da gara. In kuwa aka duba aka tarar faifan babu shi a kundin Discogs sam, kowa yana da iznin shigar da shi. Malamin da ya san Narambaɗa daga Ɗanƙwairo, ya kuma san inda ƙ ta ke da inda ɗ ta ke, ya fi wani Bature a Fotlan sanin yadda za a rubuta sunan waƙar daidai. Abin da a ke bukata hoton kwali gaba da baya, da hoton takardar tsakiya, da lambobin nan biyu.