MAS 36: Yadda Ake Gane Tsohuwar Bindigar Soja da Darajarta

A wasu gidajen tsofaffin sojoji, daga Damagaram har Tawa, akan tarar da hoton kaka sanye da kayan sojan Faransa, da wata gajeruwar bindiga a kafaɗa. Sau da yawa wannan bindiga ita ce MAS 36. Sojojin Afirka da Faransa ta ɗauka sun riƙe ta a yaƙin Indoshin, daga 1946 zuwa 1954, da yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Yau ta zama abin nema ga masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka.

Sunanta ya fito ne daga masana'antar makamai ta gwamnati da ta kasance a birnin Saint-Étienne, da kuma shekarar 1936 da sojan Faransa suka karɓe ta. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a cikin shekarun 1950. Tsawonta mita ɗaya da santimita 2, nauyinta wajen kilo 3 da giram 700. Tana ɗaukar harsashi 5 masu kaurin milimita 7,5, kuma sai an ja sakata da hannu bayan kowane harbi.

Alamu uku ke bambanta ta da sauran bindigogin zamaninta. Na farko, hannun sakatar ya karkata gaba. Na biyu, mashinta siririn tsinke ne na ƙarfe, yana ɓoye cikin wani kube ƙarƙashin bututu. Soja ya zaro shi, ya juya, ya sake sokawa. Na uku, ba ta da makullin da ke hana kunama tashi. A gefen hagu kuma an rubuta "MAS Mle 1936", tare da harafi da lamba.

Amma kama da wane ba ta wane. Bindigogi biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen kuɗi, don haka masana ke bin abubuwa huɗu.

Abu na farko shi ne lokacin ƙira. Waɗanda aka yi kafin Jamus ta mamaye Faransa a watan Yuni na 1940 ba su da yawa, an kuma shafa musu baƙin fenti. Na bayan yaƙi launinsu toka-toka ne, su ne suka cika kasuwa, don haka suka fi araha.

Na biyu shi ne lamba. Ana duba ko lambar jikin bindiga ta dace da ta sakata da ta katako. Da yawa an mai da su ma'aikatar gyara bayan yaƙi, an sake musu sassa. Wadda lambobinta duka suka dace ita ce mai tsada.

Na uku shi ne iri. Akwai CR39, mai gindin alminiyon da ake naɗewa, wadda sojojin lema suka riƙe. Samunta da wuya, kuɗinta kuwa ya fi na sauran nesa. Akwai 36/51, wadda aka shirya wa baki don harba gurneti. Akwai kuma waɗanda 'yan kasuwa a Amurka suka gyara wa bututu don su ci harsashin milimita 7,62. Masu tara kayan tarihi ba su cika son su ba, don an taɓa asalinsu.

Na huɗu shi ne lafiyar jiki, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Wanda ya goge ƙarfe da yashi, ko ya kankare katako don ya yi ƙyalli, ya share hatimin masana'anta da ke shaidar shekarunta. Garin neman gira ya rasa ido.

Sai dai wannan kasuwa ta ƙasashen waje ce, inda ake saye da sayarwa da takardun izini. A Nijar MAS 36 makamin yaƙi ce, tsufanta bai fitar da ita daga hannun doka ba. Tun 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone tarin bindigogi a Agadas don tabbatar da zaman lafiya.

Saboda haka duk wanda ya tarar da irinta cikin kayan gado, kada ya gwada harbi, kada ya kai ta kasuwa. Ya ɗauka cewa da harsashi ciki, tun da ba ta da makulli, ya sanar da jandarmomi ko hukumar garinsu. Ya rubuta harafi da lambar da ke jikinta, ya adana tare da hoton tsohon da takardarsa ta soja. Waɗannan ne jikoki za su gada.