Jirgin zare: Abin da ke kayar da shi a tashin farko da yadda ake saita linzaminsa

Daga wakilinmu a jihar Tahoua

Duk wanda ya tashi a Madaoua, Bouza ko Keita ya san motar kara da motar waya, wadda yaro ke tuƙawa da doguwar sitiyari yana biye da ita a guje. Da yawa daga cikin yaran nan, in sun girma sun samu wayar salula, jirgin sama suke sha'awar ƙerawa. Sai dai mafi yawan jiragen ba sa wuce tashin farko.

Na ga hakan da idona a wani fako da ke bayan garin Bouza. Ƙanena da abokinsa sun kwashe makonni uku suna haɗa jirgi da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firij, da kara, da wayar ƙafar keke. Ƙaramin injin lantarki da batir kuwa yayanmu da ke ci-rani a Abidjan ne ya aiko musu.

Jirgin ya tashi, amma ko zagaye ɗaya bai cika ba. Ya ɗaga hanci sama kamar dokin da aka fizgi linzaminsa, ƙanena ya danna hannu ƙasa don ya gyara, sai jirgin ya kifo ya daki tsakuwa. Farfela ta karye, fiffike ya rabu biyu.

A ranar duk mun ɗora wa inji laifi. Daga baya muka gane injin lafiyarsa lau. Linzamin ne ya cika saurin ji.

Mene ne jirgin zare?

Jirgi ne ƙarami da ba ya buƙatar rimot. Matuƙi yana tsayawa a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, zare biyu suna fita daga mariƙin zuwa fiffiken hagu na jirgin, shi kuma yana zagaya shi kamar ana sussuka.

A cikin jirgin, zaren biyu suna ɗaure ne a wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, wato majuyi. Daga majuyin sandar waya ta miƙe zuwa wani ɗan ƙaho da ke jikin faifan wutsiya. In matuƙi ya karkato mariƙi baya, faifan ya ɗaga, jirgi ya hau. In ya karkata shi gaba, jirgi ya sauko. Iyakar tuƙin ke nan.

Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker, daga birnin Portland, shi ya yaɗa wannan fasaha da jirginsa Fireball a 1940. Har yau hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, tana shirya gasarsa a rukunin F2, inda jiragen tsere ke kai gudun kilomita 300 a awa.

Ko na ɗan koyo ba abin rainawa ba ne. In tsawon zaren mita 15 ne, da'irar ta kai kusan mita 94. Jirgin da ke zagaya ta cikin daƙiƙa biyar yana gudun kusan kilomita 68 a awa. A irin wannan gudu, ɗan motsin wuyan hannu ya isa ya kai jirgi ƙasa kafin a ƙifta ido.

Gyara huɗu da ba sa cin kuɗi

Na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne nauyi. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fikafikansa, a ga inda yake tsayawa daidai. Ga ɗan koyo, wurin ya kamata ya kasance kusa da bakin fiffike na gaba: in faɗin fiffiken santimita 20 ne, to kamar santimita 3 zuwa 4 daga gaba. Jirgin da bayansa ya fi nauyi ba ya tuƙuwa ko a hannun gwani. Namu haka yake, domin a tsakiya aka ɗaure batir. Matsar da batir gaba, ko manna noti ɗaya ko biyu a hanci, yakan wadatar.

Na biyu, mariƙi. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin zaren biyu a jikin mariƙi, gwargwadon saurin jin jirgin. In tazarar santimita 10 ce, a huda sababbin ramuka a mayar da ita 7 ko 6. Motsin hannu iri ɗaya zai ba da kusan kashi biyu bisa uku na fizgar.

Na uku, ramukan da sandar waya ke shiga. A jikin majuyi, a sa ta a ramin da ya fi kusa da ƙusa. A jikin ƙahon wutsiya kuma, a sa ta a ramin da ya fi nisa da faifan. Mutane da yawa suna juya wannan ƙa'ida, su ƙara wa jirgin zafin kai suna zaton sun rage. Ɗan koyo ba ya buƙatar faifan da ke ɗagawa fiye da digiri 20 sama da ƙasa.

Na huɗu, sako-sako. In ramin ya fi wayar faɗi, ko sandar tana lanƙwashewa in an tura ta, jirgin ba zai ji umarni nan take ba. Matuƙi sai ya ƙara karkata hannu, sai jirgin ya ji gaba ɗaya a lokaci guda. Zaren kamun kifi na roba ma haka yake yi, saboda yana miƙewa. A nemi zare mai saƙa wanda ba ya talewa.

Sauran gyaran a hannun matuƙi yake

Ko an saita komai, akwai ɗabi'ar da sai an koya. Ɗan koyo ya daina tuƙi da wuyan hannu. Ya miƙe hannunsa sambal yana nuna jirgin, ya ƙame wuyan hannun, in yana son hawa ya ɗaga dukan hannun daga kafaɗa, in yana son sauka ya sauke. Ta haka jirgin yakan bi inda hannu ya nuna, ya daidaita da kansa.

Iska ma abin lura ce, musamman a wannan yanki na Adar. Ƙarfinta ne ya sa tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggia don kare gonaki. In jirgi ya zo ɓangaren da iska ke turo shi wajen matuƙi, zare yakan saki, linzami ya daina aiki. Shi ya sa ake ɗan sa nauyi a ƙarshen fiffiken dama, kuma matuƙi yake ja da baya da sauri in ya ji zare ya yi laushi. A sako jirgin daga ɓangaren da iska ke bayan matuƙi. Lokacin hunturu kuwa, a yi gwaji da sassafe ko dab da magariba.

Akwai kuma abin da ba a wasa da shi. Kada a kusanci wayoyin lantarki, domin zaren ƙarfe da wasu ke amfani da shi yana ɗaukar wuta. A fitar da yara da dabbobi daga da'irar. A halin tsaron da ake ciki kuma, ya kyautu a sanar da mai gari ko jami'an tsaro kafin a tayar da duk wani abu sama, ko da yake wannan jirgi ba ya da kyamara kuma ba ya wuce tsawon zarensa.

Me ya sa abin ya wuce wasa?

A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ja hankalin duniya da helikwaftan da ya haɗa da injin motar Honda Civic, ko da yake bai wuce kimanin mita biyu daga ƙasa ba. A Yamai, Abdoul Aziz Kountché ya kafa kamfanin Drone Africa Service da ke harhaɗa jirage marasa matuƙi. Abin da ke tsakanin jirgin da ya ɗaga kawai da wanda ke zuwa inda aka aike shi, shi ne sanin daidaiton nauyi da linzami. Jirgin zare na koyar da wannan da kuɗi kaɗan.

Ga 'yan ci-rani masu aiko wa ƙanne kaya, farfela biyar da gam mai kyau sun fi babban inji amfani, domin faɗuwa dole ce, kuma yaron da ba ya da abin sauyawa yakan haƙura daga ranar.

Ƙanena ya liƙe fiffikensa, ya matsar da batir gaba, ya sake huda mariƙi. A gwaji na biyu jirgin ya yi zagaye tara a tsayin kafaɗa, kafin jiri ya ɗebe shi ya zauna a ƙasa. Yanzu zagayawa yake koyo ba tare da ya faɗi ba.